Ɗana ya faɗa ƙwaya, ina zan kai shi?

 

Wata Talata bayan mun gama zubi, an rufe akwati, mata sun watse, sai ɗaya daga cikinmu ta tsaya tana ta naɗe tabarmar da an riga an naɗe. Na san da magana. Sai da muka kai bakin zaure ta ce mini, "Yaya, bashin nan da na ɗauka watan jiya, ba na gujiya ba ne." Jika 15 ta karɓa da sunan sari. Kuɗin sun tafi wurin wani mai magani da ya ce mata iska ce ta shafi ɗanta. Yaron shekararsa 19, kabu-kabu yake yi, kuma sau biyu yana faɗuwa yana shure-shure, kumfa a baki. Ita kuwa a ranta ta san ba iska ba ce, domin ta sha tsintar ɓawon tramol a aljihun wandonsa in ta zo wanki. Ta yarda in ba ku labarin, amma ba suna, ba gari.

Tambayarta guda ce: "To ina ake kai su?" Ni ma ran nan ban iya ba ta amsa ba. Mun san inda ake kai mai naƙuda, mun san inda ake awon yara, amma a garinmu babu wata ƙofa da aka rubuta "maganin shaye-shaye" a kanta. Sai da muka yi tafiyar tare na gane cewa ƙofar tana nan, sunanta ne daban. A wurin ma'aikatan likita wannan ciwo yana ƙarƙashin lafiyar ƙwaƙwalwa. Kalmar ce ke korar mu. Da uwa ta ji an ce ƙwaƙwalwa sai ta ce ai ɗanta ba mahaukaci ba ne, ta ja baya. Alhali a sashen nan ne ake duba mai farfaɗiya, da mai rashin barci, da macen da damuwa ta kama bayan haihuwa, da wanda ƙwaya ko giya ta riƙe.

Mafarin hanyar kusa yake: CSI ɗin garinku, inda kuke kai yara rigakafi. Ku nemi majo. Ba lalle ya iya gama aikin ba, amma zai auna jini, ya duba ko akwai wani ciwo a ƙarƙashi, ya rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma, daga can kuma zuwa babban asibitin jiha, wato CHR irin na Maraɗi ko na Tawa, ko babban asibitin ƙasa na Damagaram. A Yamai, sashen da ke wannan aiki a babban asibitin ƙasa shi ne wanda kowa ya sani da Pavillon E. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a ƙasarmu, galibin aikin ma'aikatan jinya ne da suka yi karatu na musamman a kansa suke riƙe da shi. Saboda haka kafin ku kashe kuɗin mota, ku roƙi majo ya kira ta salula ya tabbatar da wanda zai duba ku yana nan, da ranar da yake ganin mutane. Mu ba mu yi haka ba. Muka tashi tun asuba, muka isa aka ce sai jibi. Kuɗin mota na mutum uku, zuwa da dawowa, suka tafi a banza.

Mutanen Ƙonni da kewaye sun san akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin Nijeriya a Kware, kusa da Sakkwato, kuma ya fi musu Yamai kusa nesa ba kusa ba. Sai dai ku yi lissafi tukuna. Wannan ciwo ba a gama shi da zuwa ɗaya, kuma komawa ta ƙetaren iyaka wata bayan wata ba ƙaramin abu ba ne.

In za ku je, ku tafi da ɓawon. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace amfani a duk tafiyarmu. Ƙawata ta ƙulle ɓawon a bakin zane, tana jin kunyar fito da shi, sai da ma'aikacin ya tambaya. Da ya gani ya nuna mana lambar da ke jiki. Tramol ɗin da likita ke rubuta wa mai ciwo miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a tebur da bakin tasha kuwa za ka ga 200, 225, har 250. Ko a asibiti ba a wuce 400 a wuni guda, yaron nan kuma yakan haɗiye uku ko huɗu da shayin safe. Faɗuwar da yake yi daga nan take: tramol in ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Da mun ɓoye, da wataƙila an ɗora shi a kan maganin farfaɗiya kawai, ana maganin reshe an bar saiwa.

Kuma a faɗi duka. Mai shan abu ɗaya kaɗan ne. Akwai mai haɗa tramol da diyazefam don ya samu barci, akwai mai ƙara maganin tari mai kodin, akwai wiwi, akwai sholisho wurin ƙananan yara, akwai giya. Kowanne da yadda ake raba jiki da shi. Na san abin da ke sa mu yin shiru: tsoron kada magana ta kai komisariya. Gidan likita daban, komisariya daban. Ma'aikacin lafiya aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrin wanda ya zo wurinsa. In kuna jin nauyin faɗa a gaban layi, ku ce kuna son ganin majo ku kaɗai.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe kaɗan, domin nan ne muke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Mahaifin yaron, da ya ji labari, abin da ya fara cewa shi ne a kulle shi a ɗaki kwana bakwai, in babu ƙwayar ai dole ya bari. Da yawa daga cikin mazanmu haka za su ce, mu ma wasu haka za mu ce.

Jikin da ya saba da tramol, in aka yanke masa rana ɗaya, kafin kwana ya zagayo zai fara: ciwon gaɓoɓi, zufa, hamma, hawaye da majina, zawo, amai, rashin barci, tsoro da bugun zuciya. Yakan yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya ɗauki kamar mako kafin ya lafa. Yaron da ke kuka yana dukan ƙofa a wannan hali ba iskanci yake yi ba, jikinsa ne ke ciwo da gaske. Shi ya sa likita ke rage abin sannu a hankali, ko ya ba da magungunan da za su sassauta wahalar. Wannan na tramol ke nan, mai wuya ne amma ba kasafai yake kisa ba. Giya da diyazefam su ne masu haɗari. Mutumin da ya shekara yana shan giya kullum, wanda hannunsa ke rawa da safe sai ya kurɓa, in aka yanke masa kwatsam yana iya faɗuwa da jijjiga, a kwana na biyu ko na uku kuma ya rikice, ya dinga ganin abin da babu, zazzaɓi ya rufe shi. Ana mutuwa a haka. Irin wannan a gadon asibiti ake raba shi da ita, a gaban ma'aikata. Don Allah wadda mijinta ko ƙanenta ke cikin wannan hali kada ta zubar da kwalaben ta kulle ƙofa ta ce ta yi maganin abin.

Sai maganar gidan mari. Ba na raina addu'a, ni ma na yi wa yaron nan, kuma limamin unguwarsu ya zauna da shi ya fi sau uku, zaman da ya yi amfani. Amma addu'a daban, sarƙa daban. Waɗanda ke sauraren rediyo za su tuna shekarar 2019, lokacin da ƴan sandan Nijeriya suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, jiki duk tabo. Iyayensu ba mugaye ba ne. Sun gaji ne, sun biya kuɗi, sun ɗauka gyara ake yi. Duk inda za ku kai ɗanku, in an ce ba za ku gan shi ba sai bayan wata uku, ko kun ga ƙarfe a ƙafar wani, ku juyo da abinku.

Kafin in wuce, abu biyu na gaggawa. In mutum ya faɗi yana jijjiga, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, in ta lafa a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. In kuma ya yi barcin da ba ya tasuwa, numfashi na fita da ƙyar, leɓe ya sauya launi, kada a ɗura masa madara ko man ja. Yana iya shaƙewa. A nemi mota ko amalanke a yi likita da shi nan take, da ɓawon a hannu.

To, mu koma kan akwatinmu, tunda shi ya tara mu. Abin da na lura, zuwan farko ba shi ke kayar da iyali ba. Ranar da yaro ya faɗi kowa na kawo gudummawa, kawu ya ba da jika 2, gwaggo ta sayar da akuya. Zuwa na uku da na huɗu ne babu kowa. Yaro ya ɗan murmure, an ce ai ya warke, takardar magani ta ƙare ba a sabunta ba, ranar komawa ta wuce don babu kuɗin mota. Bayan wata biyu sai a gan shi a tsohuwar fadarsu, da tsofaffin abokai, a ce magani bai yi ba. Magani ya yi, mu ne muka tsaya a tsakiyar kogi. Kuma ko an bi komai daidai, komawa shan na faruwa, yana cikin halin ciwon. Wanda ya zame a mayar da shi wurin mai duba shi da wuri. A kula kuma: jikin da ya huta ba ya ɗaukar yawan da ya saba ɗauka a da, wanda ya koma ya sha irin na da yana iya wucewa.

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, ƙungiyoyi da yawa suna da ƙaramin asusun taimako ban da na bashi, don haihuwa, rasuwa, gobara, rashin lafiya. Na tambayi kaina: me ya sa ƙawata ba ta nemi wannan ba, ta je ta ɗauki bashi mai riba da sunan gujiya? Amsar a fili take. In ta ce ɗanta na asibiti da zazzaɓi, za mu ce Allah ya ba shi lafiya. In ta ce tramol ne, kafin magariba labari ya kai rijiya, kuma tana da ƴaƴa mata biyu da ba a yi wa aure ba. Mu ne muka sa ta yi ƙarya, ni ma ina ciki, don na sha zama ana zancen ɗan wance ina dariya.

Kada kuma mu ɗauka abin na samari ne kawai. Akwai matan aure da suka fara da ƙwayar ciwon baya daga mai talla, don a iya daka da surfe da aikin gona, yau ba sa iya tashi sai da ita. Akwai mai shan maganin tari don ta manta da baƙin cikin gida. Mace ta fi namiji wuyar zuwa neman magani, domin sai ta nemi izini, kuma me za ta ce? Ga dubara: ranar awo ko ranar rigakafin yaro, ta tsaya ta gaya wa ungozomar likita a keɓe. Mai ciki musamman kada ta yanke da kanta, ta faɗa a san yadda za a yi da ita da abin da ke cikinta.

A ƙungiyarmu ga abin da muka yi, wataƙila ya yi muku amfani, wataƙila ku gyara. Na kawo magana a taro ba tare da na ambaci kowa ba. An yi gardama sosai. Wata dattijuwa ta ce, "Kuɗinmu na zufa za mu ba ɗan ƙwaya?" Wata ta amsa mata cewa kuɗin mota ne da na farmasi, ba a hannun yaron za a sa ba. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa asusun taimako zai iya ɗaukar kuɗin komawa asibiti har sau shida, mai neman ta gaya wa shugaba da ma'ajiya su biyu kawai, a littafi a rubuta "rashin lafiya", a kawo takardar likita a nuna musu. Wadda ta fitar da sirrin kuma tarar da za ta biya ta fi ta makara sau goma. Dattijuwar nan ita ce ta kawo shawarar tarar.

Yaron ya koma sau huɗu zuwa yanzu. Ya zame sau ɗaya, bayan sallah, uwarsa ta mayar da shi a makon. Ya bar kabu-kabu na ɗan lokaci, domin a tashar ne ake miƙa masa abin, yana taya kawunsa aikin lambu. Jika 15 ɗin nan kuwa tana biya kaɗan-kaɗan, saura jika 4. Komawarsu ta biyar ranar Litinin ce, kuma wannan karon majo ya riga ya kira.