Kimiyya a Ƙofar Gida: Ranar da Motar Kawu Ta Ƙi Shiga Fakin

 A hutun da ya wuce mun raka kawunmu gonarsa da ke kusa da madatsar ruwa ta Goronyo don ɗauko albasa. Motarsa tsohuwa ce, irin mai giyar otomatik, wadda ba ta da kulochi. Da muka dawo gari ya tsaya a wani ɗan gangare, ya tura sandar giya zuwa harafin P, wato fakin, sai ta cije a hanya. Ya kashe inji, makulli ya ƙi fita. Ya buɗe ƙofa zai sauka ya duba, yana ɗage ƙafa daga birki sai mota ta fara silalewa baya, ga yara biyu masu tallar awara a tsaye a bayanta. Allah ya kiyaye, ya yi sauri ya sake taka birki. Yau a kan wannan za mu tattauna, domin da yawanku ku ake aika ku ɗauko kaya a mota, ku ne kuma ke wasa kusa da ita.

Bari mu fara da abin da P ke yi. A cikin akwatin giya akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora da ke juyawa tare da tayoyin da inji ke ja. Kusa da shi akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar ƙugiya, tsawonsa kamar yatsa. Idan direba ya sa P, ƙugiyar nan ce ke faɗawa tsakanin haƙoran ta hana faifan juyawa, kamar yadda sakata ke riƙe ƙofa. Ke nan P sakata ce kawai, ba birki ba.

'Yan ajin kimiyya, ku ɗauko biro. Mu ce mota da kayanta sun kai kilo 1,500, tana tsaye a gangare mai digiri 5. Ƙarfin da ke janta ƙasa shi ne 1,500 sau 10 sau 0.087, wato kusan Niyuton 1,300. Wannan ya yi daidai da nauyin kilo 130, ya haura buhun shinkafa biyu da rabi masu kilo 50. Duk direban da bai ja birkin hannu ba, ya ɗora wa ɗan ƙarfen nan wannan aikin shi kaɗai. Idan kuwa sakatar ba ta shiga ba, babu abin da ke riƙe da motar.

To me ake yi idan giya ta ƙi shiga P? Kafin a fara neman dalili, a fara tsare mota. Direba kada ya ɗage ƙafa daga birki, ya ja birkin hannu sosai, a sa dutse ko katako a ƙarƙashin taya ta ɓangaren gangare, a kori yara daga gaba da bayan motar. Idan tana iya tafiya, a kai ta wuri mai shimfiɗe. Sai bayan haka a shiga bincike, daga abu mai sauƙi zuwa mai tsada.

Na farko, a tabbatar mota ta tsaya cak. Idan tana ɗan motsi, ƙugiyar za ta riƙa tsallake haƙoran tana ƙara, ba za ta zauna ba. Na biyu, a duba gindin sandar giya. Murfin biro, ɓawon gyaɗa, yashi ko lemon da ya zube ya bushe duk suna iya tare mata hanya. A garuruwanmu da hunturu ke cika komai da ƙura, wannan ba abin mamaki ba ne.

Na uku, a ji yadda sandar take a hannu. Tsakaninta da akwatin giya akwai wata igiyar ƙarfe, irin ta birkin keke amma ta fi kauri, kuma a bakinta akwai wata 'yar roba da ke riƙe ta. Idan sandar ta yi tauri, ƙila igiyar ta yi tsatsa ko ta lanƙwashe. Idan tana lilo babu nauyi, ƙila robar ta ruɓe igiyar ta zame, ko ta tsinke. Idan igiyar ta saki kaɗan, sandar za ta kai kusa da P amma akwatin yana nan a ribas. A motoci da yawa ana gane haka idan harafin da ke kan allon direba ya saɓa da inda sandar take.

Makullin ma shaida ne. An ƙera yawancin waɗannan motoci yadda makulli ba zai fita ba sai an sa P, inji kuma ba zai tashi ba sai a P ko N, wadda direbobi ke kira firi. Kada a fizge makulli da ƙarfi, faɗa mana yake yi cewa mota ba ta kulle ba. Idan kuma giya ta shiga P amma mota na ci gaba da gangarawa, to ana zargin ƙugiyar ko haƙoran sun lalace. Wannan aikin makanike ne, domin sai an buɗe akwatin.

Wani mai wucewa ya ce wa Kawu, “Alhaji, giyarka ta mutu, sai dai ka tafi Sakkwato ka sayo wata.” Amma makaniken da muka kira ya buɗe gaban mota, ya sa Kawu ya motsa sandar yana kallo, ya ce, “Ranka ya daɗe, roba ce ta cinye.” Kafin la'asar an canja ta. Da an bi maganar mai wucewa, da kuɗin albasar bana sun tafi a banza.

Kada ku ɗauka a ƙauye kawai ake samun wannan matsala. A watan Yunin 2022 kamfanin Ford ya kira motoci kusan miliyan 2.9 a Amurka don a gyara irin wannan roba, saboda tana iya lalacewa direba ya ɗauka ya sa P alhali bai sa ba. A watan Afrilun 2016 kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci fiye da miliyan ɗaya saboda sandar giyarsu tana rikita direbobi. A watan Yunin shekarar, ɗan wasan fim Anton Yelchin ya rasu a Los Angeles yana da shekara 27, bayan motarsa ta gangaro ta matse shi da shingen gidansa.

Ga tsarin da ya dace ku tuna wa manya cikin ladabi: a taka birkin ƙafa, a sa N, a ja birkin hannu, a sassauta ƙafa a hankali har nauyi ya sauka a kan birkin hannu, sannan a sake takawa a sa P. Ku kuma ku sani, doka ba ta ba da lasisin tuƙi sai mutum ya cika shekara 18. Kada ku taɓa sandar giya don gwaji, kada ku shiga ƙarƙashin mota, kada ku zauna a inuwar motar da ke kan gangare. Rigakafi ya fi magani.

Aikin gida: idan gangaren ya zama digiri 10, ƙarfin zai kai Niyuton nawa? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.