Turancin 'Ya Mace Ba Na Yanga Ba Ne

A makon jiya na je gidan suna a unguwarmu, sai na tarar ana ta muhawara a tsakar gida a kan wata yarinya da ta sami shiga jami'a, Sashen Turanci. Wata dattijuwa ta ce, "To, in ta gama da Turancin za ta tuƙa tuwo?" Aka kwashe da dariya. Uwar yarinyar kuwa ta sunkuyar da kai, domin ita ma tsoronta ke nan, kada 'yarta ta komo tana yi wa mutane fi'ili, tana raina harshen da ta sha a nono. Ban ce uffan ba, don ba a jayayya da manya a taro. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo ta wannan fili.

Gaskiya tsoron uwar nan ba na banza ba ne. Duk mun san 'yan matan da ba su ko gama sakandare ba, amma in kakarsu ta gaishe su sai su amsa da Turanci. Sai dai laifin na tarbiyya ne, ba na karatun ba. Su kansu malaman Sashen Turanci sun daɗe da tayar da wannan magana. A shekarar 1968, a kwalejin jami'a da ke Nairobi, ƙasar Kenya, malamai uku, watau Ngugi wa Thiong'o da Taban lo Liyong da Henry Owuor-Anyumba, suka rubuta takarda suna neman a rushe Sashen Turanci ɗungum. Hujjarsu ita ce, don me ɗan Afirka zai ƙare ƙuruciyarsa a kan adabin Ingila, alhali bai san tatsuniyoyi da waƙoƙin iyayensa ba? Aka yi ta ja-in-ja, daga baya aka mai da shi Sashen Adabi, aka sa adabin Afirka a gaba. Shi Ngugi ma ya koma yana rubutu da harshensu na Gikuyu, har gwamnati ta tsare shi a ƙarshen 1977 saboda wani wasan kwaikwayo da ya shirya da mutanen ƙauye. Ya rasu a 2025. Kun ga ashe wanda ya yi zurfi a Turanci shi ya fi sanin darajar harshen gida. Gwangwanin da babu kome a ciki shi ke da ƙara.

Ba sai mun je nesa ba. Ga Zaynab Alkali, mutuniyar Barno, wadda ta karanta Turanci a Kano, ta kuma shekara da shekaru tana koyar da shi a Jami'ar Maiduguri. A 1984 ta fitar da littafinta mai suna The Stillborn, ya kuma ci kyautar ƙungiyar marubutan Nijeriya a 1985. Labarin wata yarinya ce 'yar ƙauye mai suna Li, wadda mijinta ya tafi birni ya bar ta tana jira. Da jiran ya ishe ta sai ta koma karatu, ta zama malamar makaranta, ta riƙe gidan ubanta. Wace ce a cikinmu ba ta san irin Li ba? Da marubuciyar nan ba ta yi wannan karatu ba, da wa zai kai kukan matan Arewa kunnen mutanen da ba su jin harsunanmu? In ba mu ba da labarinmu da bakinmu ba, wasu za su ba da shi, su ƙara gishiri yadda suka ga dama.

Saboda haka ina kira ga iyaye mata, kada gorin tsakar gida ya sa ku hana 'ya'yanku wannan ilmi. Takardar asibiti da ta kotu da ta makarantar yara, yawancinsu da Turanci ake rubuta su, macen da ba ta iya karanta su kuwa kullum asirinta a hannun wani yake. Amma ku ma akwai naku aikin. Ku zaunar da su da dare ku yi musu tatsuniya da kacici-kacici, ku koya musu gaisuwa da karin magana. Icen da ya yi saiwa iska ba ta ka da shi.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ina ganin yadda kuke gudun littafi a aji. Ku sani ba mai shiga jami'a a ƙasar nan sai ya ci Turanci da kyau a jarrabawar ƙarshen sakandare. Ku riƙa karanta ko da shafi biyu ne kowace rana, ku daina jin kunyar yin kuskure. In kuma kun dawo gida, ku durƙusa ku gai da iyayenku da Hausa tsantsa.

Ita kuwa Baba mai tambayar tuwo, ina ba ta amsa cikin ladabi: yarinyar za ta tuƙa tuwo da muciya kamar kowa, sa'an nan ta karanta miki takardar likita. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.