Mu ne fanshon iyayenmu, kuma yawancinmu ba mu da aiki

Ƴan uwa matasa, yau maganar tsufa na kawo mana. Na san wani zai ce mu da ko aikin ba mu samu ba, ina mu ina zancen ritaya. Ku ɗan yi haƙuri ku karanta, don abin ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Ku duba gidajenmu. Baba ko kawu ko babban yaya mai shekara 45 zuwa 50, tela ne, ko direban babbar mota, ko mai butiki a kasuwar Dole ta Damagaram, ko gardi a wani gida a Yamai. Inna tana tuyar ƙosai, ko tana kai atamfa bashi gida-gida. Ku tambaye su abin da za su ci ranar da ido ya daina ganin kafar allura, ko baya ya ƙi zaman mota. Amsar ɗaya ce: Allah na nan, kuma ga yara sun taso. Allah na nan, wannan babu mai ja. Amma yaran da ake nufi fa mu ne, mu da muke zaune a fada da difloma a cikin jaka, muna haɗa kuɗin shayi da na forfe.

A Nijar asusun fansho biyu ne manya. Ma'aikatan gwamnati suna da CARENI, masu albashi a kamfanoni da sauran wurare masu zaman kansu suna da CNSS. Manomi, makiyayi, ɗan kasuwa, ɗan kabu-kabu, mai wankin mota, mai abincin sayarwa, duk suna waje, kuma su ne mafi yawan ƴan ƙasa nesa ba kusa ba. Da can wannan bai zama matsala ba saboda akwai gandu: tsoho ya ajiye hauya, ƴaƴa su noma gonarsa, ya ci daga rumbu har ƙarshen ransa. Yanzu gonar an raba ta gado bayan gado, a wasu garuruwan jihar Maraɗi abin da ke zuwa hannun mutum ɗaya ba ya ciyar da gida wata shida. A birni kuwa babu rumbu. Akwai kuɗin haya, kuɗin wuta da ruwa, da takardar magani ta hawan jini ko ciwon suga da ake sabuntawa kowane wata.

Wata magana da nake yawan ji ita ce, ai ba kaiwa za mu yi ba, tunda an ce tsawon ran ɗan Nijar bai wuce shekara sittin da ƴan kai ba. Wannan lissafin yana ruɗar mutane. Mutuwar ƙananan yara ce take jawo adadin ƙasa. Wanda ya riga ya kai sittin, galibi yana da wasu shekaru goma sha biyar ko fiye a gabansa, kuma shekarun nan ci ake yi a cikinsu, ana shan magani.

To, wanda ya kai 45 bai ajiye ko dala ba, ya makara? Ya makara, ba zan ɓoye ba. Amma bai makara da komai ba, kuma lissafin mai sauƙi ne. Wanda ya fara ajiye jika 10 a wata tun yana ɗan 25, idan ya kai 60 ya tara miliyan 4 da jika 200, ko riba ba a sa ba. Wanda ya fara a 45 wata 180 kawai ya rage masa, sai ya riƙa ajiye jika 23 da ɗoriya kafin ya kamo shi. Nauyin ya ninka fiye da sau biyu, kuma a daidai lokacin da gida ya fi cika. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, saboda haka magidanci mai 45 yana da na jami'a, yana da na firamare, wani ma yana da na goye.

Akwai hanyar kallon abin da ta fi shiga kai. Daga 45 zuwa 60 shekara 15 ne. Daga 60 zuwa 75 ma shekara 15 ne. Ke nan abin da mutum ya ajiye a wannan wata, kusan shi ne abin da zai samu ya ci a wata irinsa can gaba. Ya ajiye jika 15, zai ci jika 15. Bai ajiye komai ba, sai abin da ɗansa ya turo ta Nita ko Amana, in ɗan ya samu. Jika 15 a wata kuwa dala ɗari ce kowace rana, kuma cikin shekara 15 ta zama miliyan 2 da jika 700. Ba dukiya ba ce, ba ta gina gida a Yamai. Amma tana raba tsoho da jiran kiran waya kafin ya sayi maganinsa.

Ga mai albashi, kafin ma a yi zancen ajiya, abin farko shi ne a je ofishin CNSS a tambaya. A ƙa'ida ana cire kashi 5.25 cikin ɗari na albashin ma'aikaci don fansho, mai kamfani ya ƙara kashi 6.25, a zuba. Ana cirewa ko ba a cirewa, an zuba ko ba a zuba ba, wannan sai an duba. Mun san malaman lakwal masu zaman kansu, da masu gadi, da direbobi, da ƴan aikin asibitoci masu zaman kansu da suka shekara goma suna aiki babu wanda ya taɓa yi musu rajista. Fansho ba ya samuwa sai an cika adadin shekarun zubi da doka ta gindaya. Wanda bai cika ba, dunƙule ɗaya ake ba shi a sallame shi. Ɗan shekara 28 yana iya cewa gobe. Ga ɗan 45, duk watan da ya wuce ba a zuba masa ba yana iya zama watan da zai hana shi fanshon gaba ɗaya. Idan maigidan aiki ya ƙi, akwai ofishin sufeton ƙwadago, kuma aikinsa ke nan. Haka malami ɗan kwantiragi da ya daɗe yana jiran lamba, ya kamata ya san tun yanzu ko shekarun jiran za su shiga lissafinsa.

Sai inda za a sa kuɗin, kuma nan ne nake so mu daina yi wa dattawanmu dariya don sun ƙi banki. Suna da dalili. Sun ga bankin BDRN ya rushe a 1990. Sun kwana da kuɗinsu a Janairun 1994 suka tashi an karya darajar sefa da rabi. Mu kanmu mun ga abin da ya faru bayan takunkumin CEDEAO na 2023, lokacin da mutum yake layi a banki da kuɗinsa a ciki amma sai abin da aka ƙayyade masa zai cira. Ƴan kasuwar Maraɗi da suka riƙe jarinsu a naira kuwa, daga watan Yunin 2023 zuwa farkon 2024 sun ga dalar Amurka ta tashi daga naira ɗari huɗu da wani abu zuwa sama da 1,500. Wanda ya ga waɗannan da idonsa, in ya ce shi saniya ya yarda da ita, ba jahilci ba ne.

Sai dai saniyar ma tana mutuwa, makiyayan da suka ga farin 2010 shaida ne. Fili yana tashi, gaskiya ne, amma nawa aka sayar wa mutum biyu, nawa ne ke cikin hanyar ruwa, ambaliyar 2020 da ta 2024 ta nuna mana. Wanda zai sayi fili da kuɗin tsufansa bai ga takarda ba, bai je ya bincika a ma'aikatar magajin gari ba, caca yake yi. Banki ma lamuninsa da iyaka: asusun kare masu ajiya na ƙasashen UMOA yana biyan mutum har miliyan 1 da jika 400 idan banki ya faɗi, jika 300 idan ƙaramar cibiyar ajiya da bashi ce. Shi ya sa a ganina rabawa ta fi: wani abu a asusu inda hannu ba ya saurin kaiwa, wani a dabba, in ya taru a sa a abin da ke kawo kuɗi kowane wata, ko ɗaki ɗaya ne na haya. Wanda kuɗin ruwa ke damunsa, akwai bankin Musulunci a ƙasar nan. A kuma tuna idan ajiya ta kai nisabi ta shekara, zakka ta hau kanta, a sa wannan a lissafi tun farko.

Adashe fa? Adashe yana koya wa hannu zubi, kuma iyayenmu mata sun fi kowa iya shi. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, yau ƙasashe da dama sun kwaikwaye shi. Matsalar ita ce ranar kwasa. Kuɗin yakan faɗo daidai da bikin ƴa ko sunan jika ko ragon layya, ya tafi cikin kwana uku. In ba a ware wani adashen daban da sunan tsufa ba, wanda ranar kwasa za a wuce da shi asusu kai tsaye, to shekara ashirin ana zubi babu abin nunawa.

Babban haɗarin mai fara ajiya a makare shi ne gaggawa. Yana jin an bar shi baya, sai wani ya zo masa da harkar intanet da ke ninka kuɗi cikin wata biyu, kuma sau da yawa ɗansa ne ko ɗan ƙanensa ya kawo masa ita a waya. Don Allah mu bari. Mu in muka yi asara muna da shekara talatin na gyarawa. Shi ba ya da su.

Kamowa kuma ba ajiya kaɗai ba ce, har da rage abin da zai hau kan mutum bayan sittin. A biya bashi kafin ƙarfi ya ƙare. A samu wurin kwana na kai, ko na laka ne, don haya ita ce ke fara kayar da tsoho a birni. Tela ya koyar da yara ya sayi keke na biyu da na uku, direba ya yi tunanin sana'ar da ake yi a zaune. Akwai kuma maganar da ba a son ji. Ni ba malami ba ne, ban ce kada a ƙara aure ba. Amma ɗan da aka haifa uban yana da 52, zai kai ajin CM2 uban yana da 64, kuma mun san wanda zai biya kuɗin lakwal ɗin: babban wa ko babbar ya, wato mai karanta wannan rubutun.

Na san ba abu ne mai sauƙi ba ɗa ya zaunar da ubansa ya tambaye shi abin da ya ajiye. Akwai kunya, kuma yana iya ɗauka gado ake leƙe. A bi ta wajen inna, ko ta wajen kawun da yake jin maganarsa. Wanda ke tura wani abu gida kowane wata, yana iya cewa: Baba, cikin jika 20 ɗin nan, a bar biyar a gefe da sunanka. Asusun ya zama da sunansa, ba naka ba. Kuma a buɗe wa inna nata daban. Ita ce ba ta da albashi, ba ta da lambar CNSS, kuma in maigida ya rasu ya bar ƴaƴa, tumunin takaba ne rabon mata, in su biyu ne ko uku su raba shi.

Duk wannan dabarar cikin gida ce, ba ta sauke wa hukuma nauyinta. Ruwanda ta buɗe tsarin Ejo Heza a 2018, inda mai ƙaramar sana'a yake zuba abin da ya samu ta wayarsa. Najeriya ta ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu a 2019. Ba na cewa sun warware komai, amma ƙofa ce aka buɗe wa mai shayi da mai faci. A nan kusan kowace unguwa tana da wurin tura kuɗi, ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da na teloli da na mahauta suna karɓar kuɗin mambobinsu kowane mako. Abin da muke nema shi ne asusun da mai dala ɗari a rana zai iya zubawa ba tare da takardar albashi ba, ya ga abin da ya tara a wayarsa, a kuma riƙa bayyana wa jama'a kowace shekara inda aka sa kuɗin. Muna kuma neman sufetocin ƙwadago su shiga lakwal-lakwal masu zaman kansu da kamfanonin gadi su ƙirga ma'aikata su gwada da sunayen da ke CNSS. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN suna zama da gwamnati kan albashi da fanshon mambobinsu, muna roƙon su sa waɗannan buƙatu biyu cikin takardar koken da suke miƙawa ranar 1 ga Mayu.