Mataimakin jinya: ka san iyakarka, ka riƙe darajarka

A kowane ɗakin kwanciya na asibiti, likita zagaye yake yi ya wuce, nas kuma gadaje sun yi mata yawa. Wanda ke sauya zanin gado, ya tura maras lafiya a keke zuwa ɗakin hoto, ya kwashe fo da tsakar dare, shi ne mataimakin jinya. Matasa da yawa na shiga wannan aiki bayan sakandare, kuma ina jinjina musu. Sai dai akwai abin da ya kamata su ji tun ranar farko.

Aikin nan ilimi ne. Tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, idan ba a juya shi duk bayan awa biyu ba, fatar ƙugunsa da ta diddigensa za ta saluɓe ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Mataimaki nagari zai juya shi, ya goge masa jiki, ya miƙar da zanin, ya ce, "Sannu Baba, ina ke maka ciwo?" Idan ya ga numfashi ya sauya, nan take ya kira nas.

Ka kare kanka. Ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku. Ka sa safar hannu, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa maras lafiya da bayan ka taɓa shi. Allurar da aka yi amfani da ita, kada ka mayar mata da murfi. Jefa ta cikin kwalin zubar da allurai. Zazzaɓin Lassa ya sha kashe ma'aikatan lafiya a Najeriya ta hanyar jinin marasa lafiya.

Babban haɗarin kuma yana unguwa. Da an gan ka da rigar asibiti, sai a fara kiranka "likita", a kawo yaro a ce ka yi masa allura ko ƙarin ruwa. Ka ce a'a. Ba huruminka ba ne, kuma hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ba ta amince da nas ɗin da ya koyi aiki a bakin kyamis ba.

Idan kana son ci gaba, ƙofa a buɗe take: kwalejin kimiyyar lafiya ko makarantar koyon jinya, karatu na 'yan shekaru, jarrabawa, sannan lasisi. Ɗan'uwa, ka bi ta wannan ƙofar, domin ran mutum ne a hannunka.