Matuƙin da ya fasa sauka ba matsoraci ba ne

Yau kam da ɓacin rai na zo muku.

Shekaranjiya da la'asar wani ƙaramin jirgi ya zo sauka filin garinmu. Hadari na haɗuwa gabas, iska na tada ƙura. Ya sauko har taya ta kusa taɓa ƙasa, sai matuƙin ya ƙara wa inji wuta, ya koma sama, ya zagayo, sannan ya sauka lafiya. Kafin magariba bidiyon ya cika WhatsApp: "Piloti bai iya ba", "ɗan koyo ne". A fadarmu har wani ya ce mini ɗan kabu-kabu ya fi shi zuciya. Haba jama'a!

Ku tsaya ku ji. Ɗauki Cessna 172, mai kujera 4, wanda ake koyon tuƙi da shi ko'ina a duniya. Ko an cika shi bai wuce wajen kilo 1.100 ba, bai kai nauyin Hilux ba. Yana gangarowa da gudun wajen kilomita 120 a awa, wato sama da mita 30 kowane sakan. Kuma yana rage gudu, fiffike da wutsiya na rage jin maganar matuƙi, don iskar da ke bi ta kansu ce ƙarfinsu. Iskar gefe da masu ƙera shi suka gwada saukarsa a cikinta ba ta wuce kamar kilomita 28 a awa ba. To, wa bai san iskar da ke gaban hadarin farkon damina a Maraɗi ko Damagaram ba, wadda ke yaye kwanon ɗaki?

In irin wannan iska ta bugi wutsiya, hancin jirgi sai ya juya, ya bar hanya. In tayar gaba ta fara dira, sai ya yi tsalle, ya dawo, ya ƙara tsalle mafi muni, har ƙafar ta karye, farfela ta daki ƙasa. Magani ɗaya aka koya wa kowane matuƙi tun yana ɗalibi: in sauka ba ta daidaita ba, bar ta, koma sama. Da Faransanci ake ce mata remise de gaz. Darasi ne da ake maimaitawa, ba abin kunya ba.

Wani zai ce ai an ɓata lokaci da esansi. Minti nawa? Goma? Ka taɓa jin an sayo ƙashin baya a kasuwa?

Abin da ke ba ni tsoro shi ne wannan ba'a tana isa kunnen matuƙa. Ga kuma manyan da ke zaune baya suna duban agogo, wai taro na jiran su. Ran da wani matashi ya ji kunyar zagayowa ya dage sai ya sauka, mu ɗin nan ne za mu taru mu ce ƙaddara ce. Tawakkali daban, ganganci daban.

Saboda haka Alhaji, in kana ciki ka ji inji ya yi ruri an koma sama, yi shiru ka gode Allah. Ku kuma masu tura bidiyo, don Allah ku goge waccan magana. Mutumin ya maido wa iyalai mutanensu da ƙafafunsu, sannu ya kamata a ce masa.

Allah ya kiyaye mu. Sai mun haɗu a shirin gobe.