Wayar salula ce ke hana mata haihuwa, ko ana ɓata musu lokaci ne?

A guruf-guruf na WhatsApp da Hausawan Tamanrasset ke ciki, ana yawan tura saƙon murya cewa wai hasken da waya ke fitarwa yana ƙona mahaifa, sannan a biyo da tallar haɗin hulba, habbatus sauda da zuma da zai "wanke" shi. Macen da ta shekara uku babu ciki, dangin miji suna ta habaici, ba wuya ta yarda.

To me bincike ya nuna? Igiyar da waya ke fitarwa ba irin ta hoton ƙashi ba ce, ƙarfinta bai kai ya karya ƙwayar halitta ba. A 2011 hukumar binciken kansa ta WHO da ke Lyon ta sa ta cikin abubuwan da "mai yiwuwa" su jawo kansa, amma ba ta yi maganar haihuwa ba. Yawancin gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su a kan ɓeraye aka yi. Wanda ya fi tasiri a kan mutane, na Jami'ar Geneva a 2023, samari 2,886 ya duba, ba mata ba.

Abin da likitoci suka daɗe da sani shi ne, a Afirka babban dalilin rashin haihuwar mace shi ne toshewar bututun mahaifa bayan ciwon sanyi ko cutar da ta biyo haihuwa ko ɓari. Ba jiƙon da ke buɗe bututun da ya toshe. Kuma sau da yawa matsalar tana wajen mijin.

Aljeriya ta ga irin wannan. A Disambar 2016 hukuma ta janye "Rahmat Rabi" daga kasuwa bayan masu ciwon suga sun yi ta layi a kantunan magani suna neman sa.

Hulba abinci ce, ba laifi a sha. Asarar ita ce shekarun da ke wucewa ana jiran ta, don ƙwan mace yana raguwa sosai bayan shekara 35. Idan an shekara ɗaya ba ciki, ko wata shida ga wadda ta wuce 35, mata da miji su je asibiti tare a gwada su duka biyun.