Kafin a ɗaure kaya, a zaɓi gari

Da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai tashar motar Dakoro ta cika da samari, daga Kornaka, daga Birnin Lalle, daga ƙauyukan kwarin Tarka. Kowa da ƙunshinsa, za shi cin rani. Ba mu ga laifinsu ba: damana wata 3 ce ko 4, ciki kuwa wata 12 yake ci. Abin da ke damunmu shi ne, in ka tambayi saurayi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan gari ya bar wancan, sau da yawa amsar ita ce wane ya komo daga can da babur.

Babur ana ganinsa, amma wanda bai komo ba ba a ganinsa. A watan Oktoba na 1969 baƙi na zaune lafiya a zangon Kumasi da na Akara. A watan Nuwamba gwamnatin Busiya ta ba marasa takarda kwana 14 su fice daga Gana. A 1983 Nijeriya ta yi haka nan, a 1985 ta sake. A 2011 yaƙin Libiya ya koro mutanenmu, da yawansu hannu wofi. A 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara. Garin da ake cika baki da albashinsa shi ne sau da yawa garin da baƙo ba ya da mai tsaya masa.

Saboda haka, a ganinmu, tambayar farko ba "nawa ake samu" ba ce. Tambayar ita ce: wa zai sauke ni? Kakanninmu fatake ba su shiga gari sai sun san mai masaukinsu. Shi ke ba da ɗaki, shi ke nuna aiki, shi ke adana kuɗi, shi ke zuwa wurin hukuma in an kama yaro, shi ke aiko da labari gida in cuta ta zo ko mutuwa. Wanda ke da irin wannan dattijo a Agege ta Ikko ko a Ajame ta Abijan, ya fi wanda ya nufi Sabaha da lambar waya kaɗai a aljihu.

Sai maganar kuɗi, wadda ƴan yaƙi da jahilci za su iya lissafa wa ƙannensu a kan allo. Jika ta Abijan ko ta Lome ita ce jika ta Dakoro, sefa ce, ba canji. Naira kuwa ta faɗi ƙwarai a 2023 da 2024, har wanda ya tara ta wata 6 ya ga rabin guminsa ya narke a hannun ɗan canji. Duk da haka ba mu raina Kano ba. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, ga kasuwar Dawanau da Kantin Kwari masu neman hannu, kuma ta Maraɗi da Ɗan Isa da Katsina tafiyar yini ce. In hadari ya haɗu a watan Yuni, mutumin Kano yana iso gonarsa a kan shibka. Na Tarabulus sai ya bar wa tsohonsa da matarsa. Gonar da aka shibka a makare kowa ya san abin da take bayarwa a ƙasarmu.

Ga ma'aikatan hukuma kuma muna da roƙo. Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu na 2025, iyakoki kuwa an sha rufe su, a 1984, a 2019, a 2023. Saurayin da ba ya da takardar haihuwa da katin shaida, abin wasan kowane shinge ne. A kai aikin yin takardun nan kasuwannin ƙauye tun watan Oktoba, kafin motocin su tashi.